Kuyangar da Ta Ƙi Yi wa Sarki Akbar Ƙarya

Mu da muka tashi a Kano a shekarun 1980 mun haddace waƙoƙi da yawa waɗanda ba mu san abin da suke faɗa ba. Yaro zai ɗauko waƙar Indiya tun daga kai har gindi, yana tallar gyaɗa ko yana tura kurar ruwa, bai tsallake ko gaɓa ɗaya ba, amma ka tsayar da shi ka ce me mawaƙiyar take nufi, sai ya ce maka, “Soyayya ce mana.” Bai yi ƙarya ba. Sai dai waƙoƙin soyayya ba su taru sun zama ɗaya ba. Wata kuka ce, wata kirari, wata ban-baki. Akwai kuma ɗaya da ta girme mu duka, wadda a kunnena ta fi kama da ba da shaida a gaban alƙali: “Pyar Kiya To Darna Kya”, ta cikin fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960.

Lata Mangeshkar ce ta rera ta. Naushad ya yi kiɗan, Shakeel Badayuni ya tsara baitocin, Madhubala kuma ita ta hau waƙar a matsayin Anarkali, kuyanga mai rawa a fadar Sarki Akbar. Wanda bai san abin da ya faru kafin a buga gangar farko ba, daɗin muryar Lata kawai zai ji ya wuce. Salim, ɗan da sarki ya samu bayan doguwar addu'a da takawa zuwa wurin waliyyi, kuma magajin gadon sarauta, ya kamu da son wannan kuyanga. Wata 'yar fada mai suna Bahar, wadda ta daɗe tana hango kanta a kujerar sarauniya, ta tona musu asiri. Sarki ya sa aka ɗaure Anarkali da sarƙa aka jefa ta kurkuku. Da ya ga ɗansa bai saduda ba, sai ya sake dabara. Aka fito da ita bisa sharaɗin ta nuna wa Salim cewa dama can ba sonsa take yi ba. Yarinya ce, ta sha duhu da ƙarfe, ta amsa. Salim ya yi mata kallon maciya amana. Daga nan aka shirya biki, fada ta cika, aka ce ta fito ta yi rawa, don kowa ya gani da idonsa cewa magana ta mutu.

A nan ta tashi wasan. Ta soma rawar yadda aka saba, taku da juyi irin na Kathak, ƙararrawar ƙafa na amsa wa ganga. Sannan ta buɗe baki ta shaida wa sarki, a gaban matarsa da ɗansa da fadawansa, cewa tana son Salim, ba ta tuba ba, kuma ba ta ga abin sunkuyar da kai a ciki ba. Ta kawo hujjar da ta fi ƙona masa rai: Ubangijin da ya halicce su ya riga ya san abin da ke cikin zuciyarta, saboda haka babu wani mahaluki da ya rage wanda saninsa zai firgita ta. Duk wanda ya san zaman fada ya san girman wannan magana. Ba zagi ta yi ba, ba ta ɗaga murya fiye da yadda waƙa ta buƙata ba, amma ta sauko da mai mulkin ƙasar Hindu ta tsayar da shi sahu ɗaya da ita, bawa kusa da baiwa. Tana cikin rawar ta ɗauko wuƙa ta ajiye masa a gaba. Ba ta bar masa ko wahalar neman makami ba.

Abin da ya sa nake cewa waƙar gaskiya ce kafin ta zama ta soyayya ke nan. Akbar bai nemi ta daina son ɗansa ba, don ya san wannan ba a hannunsa yake ba. Abin da ya nema shi ne ta yi ƙarya, ta yi ta a bainar jama'a, da bakinta, don mulki ya zauna lafiya. Ita kuwa a wurin da aka tanada domin ƙaryar, a kan kiɗan da sarki ya biya, ta faɗi gaskiya. Ba ta sa ran za a ɗaura mata aure da Salim. Ta san inda za ta kwana a daren.

Wurin da aka ɗauki waƙar ma yana cikin ma'anarta. K. Asif, daraktan fim ɗin, mutum ne da bai san “ya isa haka” ba. Tun a tsakiyar shekarun 1940 ya fara aikin, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta watsa masa shiri saboda mai zuba kuɗin ya koma Pakistan, wanda zai fito a Akbar na farko, Chandra Mohan, ya rasu a 1949, sai da attajiri Shapoorji Pallonji ya shigo aka sake ɗaura ɗamara da sababbin 'yan wasa. Domin wannan waƙa Asif ya sa aka gina zauren madubai a Mohan Studios da ke Bombay, kwaikwayon wanda ke cikin fadar Lahore, da ƙananan gilasai da aka yi odarsu daga Beljiyam, aikin da ya ci kusan shekara 2. Da aka kunna fitilu, hasken ya riƙa dawowa cikin idon kyamara har aka fara cewa ginin ba zai ɗauku ba, sai da mai ɗaukar hoto R. D. Mathur ya gano yadda zai karkatar da hasken. Mafi yawan fim ɗin baƙi da fari ne, amma wannan waƙa mai kala ce. Ana kuma ba da labarin cewa da Naushad ya rasa na'urar da za ta ba shi amsa-kuwwar da yake so, a banɗakin situdiyo ya sa Lata ta rera wani sashe.

Duk wannan ɓarnar kuɗi ta biya a cikin daƙiƙu kaɗan. Akwai inda Akbar ya ɗaga kai don ya kau da ido daga kanta, sai ya tarar da ita a rufin ɗaki da bango, cikin ɗaruruwan madubai, kowanne da Anarkalinsa tana juyi. Sarkin da ya ci ƙasashe da yaƙi ya rasa inda zai sa idonsa a cikin ɗakinsa. Prithviraj Kapoor, wanda ya fito a Akbar, bai ce uffan ba har waƙar ta ƙare; idanunsa ne suka yi ja, ƙirjinsa na hawa da sauka. Abin da ya so a binne a kurkuku ya yaɗu a kan ginin da ya yi don nuna isa. Da kiɗa ya tsaya ya miƙe ya ce a mayar da ita duhu.

Yadda waƙar ta iso mana labari ne daban. Kwarori masu gidajen silima ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya Arewa tun a shekarun 1950. Kano ta samu Rex tun 1937, aka buɗe Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 duk da ƙorafin malamai da dattawa, daga baya ga su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Silima wurin maza ne. Macen da aka gani a can ta gama zubar da mutuncinta a unguwa. Samari ne suka laƙaba wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor kuwa, saboda santsin fuska, aka ce masa Mace. Matan aure da 'yammata sai da talabijin ta shiga gidaje, sannan bidiyo mai kaset ya biyo baya, suka samu rabonsu. To a nan ne waƙoƙi irin na Anarkali suka samu masu sauraronsu na haƙiƙa.

Na ga haka a tsakar gidan wani maƙwabcinmu da ya riga kowa sayen bidiyo a layinmu. Bayan isha'i akan fito da talabijin a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, mata su zauna a gaba da goyo, mu yara mu cusa kai inda muka samu. Akwai wani saurayi da ake cewa yana jin Indiyanci, shi ne tafinta, kodayake rabin fassararsa daga fuskar 'yan wasa yake karanto ta. Ranar da aka sa Mughal-e-Azam har da wata gwaggona, mace mai kawaici wadda ba ta cika zuwa kallo ba. Tun tana ƙarama aka ba da ita ga abokin mahaifinta, ta zauna, ta haihu, ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi. Har aka yi waƙar aka gama ba ta motsa ba. Da sarki ya miƙe cikin fushi, wata daga baya ta ce, “Wayyo, ta jawo wa kanta.” Sai Gwaggo ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, “Ai ta faɗa masa. Ko yanzu suka kashe ta, ya dai ji.” Wata budurwa mai rawar kai ta ce, “Gwaggo, ke kin faɗa?” Aka yi mata caa. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, “Mu a namu zamanin wa ya tambaye mu, 'yar nan?” Ba ta jin kalma ɗaya ta Urdun da ake yi a fim ɗin, amma tafintan bai kai ta fahimtar waƙar ba.

Ba wai Bahaushiya ba ta da bakin faɗar abin da ke ranta ba ne kafin Indiya ta zo. Dandali yana nan, kuma waƙoƙin gaɗa cike suke da habaici ga tsohon da ya zo neman yarinya da ga iyayen da suka karɓi kuɗinsa. Amma a gaɗa 'yammata taro ne, murya ɗaya, ba a san wadda ta fara ba, kuma da an watse kowa ta koma gida ta durƙusa. Kunya ce ke riƙe da komai. Mace ba ta faɗar sunan mijinta, uwa ba ta kiran ɗan fari, budurwa in an tambaye ta wa take so sai ta rufe fuska, a ce shirunta amsa ce. Wadda abin ya fi ƙarfinta takan gudu wurin dangin uwa, ko ta yi ta yaji har a gaji a sake ta, wasu kuma labarinsu a rijiya ya ƙare. Abin da Anarkali ta kawo sabo shi ne mace ɗaya, fuska a buɗe, tana kallon mai iko ido cikin ido. Kuma ba Baturiya ba ce. Ga fada da rawuna da dogarai, ga sarki Musulmi, ga uba da ake durƙusa masa, ga sunan Allah a bakin kowa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya lura da wannan: finafinan Indiya sun ba Bahaushe wurin da zai yi tunani a kan so da biyayya ga iyaye ba tare da ya ji kamar yana kwaikwayon Turawa ba.

Ba da daɗewa ba wannan tunani ya fito a takarda da Hausa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an aurar da ita tana yarinya ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin 'yar mai kuɗi da ɗan talaka, 'yammatan sakandare suka riƙa karɓa-karɓa da shi a ƙarƙashin filo. Aka ce littattafan na lalata tarbiyya, aka ce Indiya ce aka sa wa hula, har a 2007 aka yi bikin ƙona wasu daga cikinsu a Kano. Ban ce duka littattafan na kirki ba ne, da yawa shirme ne da kwaɗayin motoci. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ta gaske ce, kuma ita ce ta Gwaggo.

Wani abin da ya ƙara wa waƙar nauyi shi ne rayuwar wadda ta hau ta. Madhubala, wadda sunanta na yanka Mumtaz Jehan, da Dilip Kumar, wato Yusuf Khan, wanda ya fito a Salim, masoya ne na gaske shekara da shekaru. Mahaifinta Ataullah Khan ne ke riƙe da ragamar aikinta da kuɗinta, ita ce kuma ke ciyar da gidan. Da rigima ta tashi tsakaninsa da darakta B. R. Chopra kan fim ɗin Naya Daur, saboda ya hana ta tafiya ɗaukar fim a wajen gari, magana ta kai kotu, Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Daga nan zumunci ya yanke. Shi da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa na 2014 cewa lokacin da ake ɗaukar fitacciyar fitowar nan da yake shafa mata gashin tsuntsu a fuska, ko gaisawa ba sa yi. Ga shi kuma tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi, huda a tsakanin ɗakunan zuciyar, amma Asif ya sa ta ja sarƙoƙin ƙarfe na gaske a fitowar kurkuku. Matar da ta tsaya gaban Akbar a fim, a gida ba ta iya tsallake maganar mahaifinta ba. Ta auri mawaƙi Kishore Kumar a 1960, ta shafe mafi yawan shekarun da suka rage mata a kwance, ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36. Ba na kawo wannan don in ce waƙar ƙarya ce. Ina ganin shi ya sa idanunta a wannan rawa ba su yi kama da na mai wasan kwaikwayo ba.

Tarihi kuwa bai goyi bayan labarin sosai ba. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, Salim ya gaje shi da sunan Jahangir. Gaskiya ne ya yi wa mahaifinsa tawaye, ya kafa tasa fadar a Allahabad, amma gajen haƙurin jiran sarauta ne ya kai shi, ba kuyanga ba. Littattafan fadar ba su ambaci wata Anarkali ba. Wani ɗan kasuwa daga Ingila, William Finch, wanda ya je Lahore wajen 1611, yana cikin na farko da suka rubuta jita-jitar cewa an gine wata mata da rai a cikin bango. Akwai hubbare a Lahore da ake kira da sunanta har yau, kodayake masana da yawa na ganin na wata matar Jahangir ce. Marubuci Imtiaz Ali Taj ne ya mayar da almarar wasan kwaikwayo a 1922, daga nan Asif ya ɗauka. Shi kuwa Jahangir na gaske ya auri Nur Jahan a 1611, ya ci gaba da sha'aninsa.

Ko a fim ɗin ma, in aka bi lissafi, wa ya biya kuɗin wannan soyayya? Salim ya ja runduna ya yaƙi mahaifinsa, aka ci shi, aka yanke masa hukuncin kisa. Anarkali ta fito daga maɓoya ta ba da ranta fansar nasa. Aka ba ta dare ɗaya a matsayin matarsa, ta shaƙa masa abin sa barci don kada ya hana a tafi da ita, aka fara jera tubali. Sai sarki ya tuna alkawarin da ya taɓa yi wa uwarta, wadda ta kawo masa albishirin haihuwar Salim, ya sa aka fitar da su ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, da sharaɗin Salim ya rayu yana zaton ta mutu. Ɗan sarki ya farka ya tarar da gadon sarautarsa na nan. Sarki ya cika alkawari, ya tsare mulki, har ya samu yabon adali. Ita ce kaɗai ta rasa suna da gari da masoyi. Ƙaryar da ta ƙi yi da bakinta, daga ƙarshe an yi ta a madadinta.

Da muna samari Akbar mugu ne kawai a idonmu. Yanzu da sa'o'ina suka fara aurar da 'ya'ya, nakan ji suna cewa tsohon yana da hujja: ƙasa ce a wuyansa, ba zai bar sha'awar yaro ta rusa abin da aka gina da jini ba. Na yarda fim ɗin bai mayar da shi dodo ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya daɗe. Uba ne da ke son ɗansa, ana ganin haka a fuskarsa ko a filin daga. Amma ban bi su har ƙarshe ba. Da ɗansa yake rigima, sai ya huce a kan wadda ba ta da kowa. Irin wannan hukunci mun san shi a unguwanninmu: yaron gidan masu hali ya ja 'yar aiki ko 'yar maƙwabta da zance, in magana ta fito sai a kori yarinya, shi kuma a tura shi karatu waje.

Sai kuma zamani ya juya. Fim ɗin da aka kai kwafinsa silimar Maratha Mandir a kan giwa a Agustan 1960, wanda ya riƙe kambun kawo kuɗi a Indiya har zuwan Sholay a 1975, an sake fito da shi da kala gaba ɗayansa a 2004. Aikin ya yi kyau, amma an yi asarar abu ɗaya: a da, waƙar ce ke ɓarkewa da launi a tsakiyar baƙi da fari, yanzu ta zama ɗaya daga cikin sauran. A 1998 an ɗauki sunanta an sa wa wani fim na Salman Khan da Kajol, na raha da faɗa da yayan budurwa, kuma yawancin matasanmu in ka ambaci sunan, wannan suke tunawa. Mu ma nan gidajen siliman da na lissafa yawancinsu sun rufe. Tafintan tsakar gida ya ba masu fassarar kamfanin Algaita wuri, Indiyawa na magana da Hausar Kano a cikin waya. Finafinanmu, tun daga Sangaya a 1999, sun mayar da rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa abin yau da kullum. Shakeel Badayuni ya rasu a 1970, Asif a 1971, Naushad a 2006, Dilip Kumar a 2021, Lata a Fabrairun 2022.

Yau bayyana so ba ya cin ko sisi. Ana ɗaukar hotunan kafin aure a baza a Instagram, ana sa waƙa a TikTok a yi wa masoyi kirari duniya na kallo, wata na zagayowa a goge a sa wani. Ba ina kukan a dawo da jiya ba ne. 'Yar da ta iya cewa “Baba, ba na son sa” ta fi Gwaggo sa'a, kuma ina murna da hakan. Abin da nake cewa shi ne, in aka ɗora muryar Lata a kan bidiyon amarya da ango suna juyi a wurin dina, an ɗauki daɗin an bar ma'anar. Waƙar ba ta ce kunya banza ce ba, ba ta kuma ce duk abin da zuciya ta raya a tallata shi ba. Magana ce ta wadda aka matsa wa ta musanta kanta, ta ƙi, tana sane da abin da zai biyo baya. In babu Akbar a zaune, babu kurkuku a bayan ƙofa, abin da ya rage rawa ce da madubi.

Kuma Akbar bai mutu ba, kaya ya sake. A Indiya har gobe ana kashe saurayi da budurwa saboda sun yi aure a wajen asalinsu ko addininsu. A wurinmu, a birni, ya koma lefe da kayan ɗaki da “ɗan gidan wane ne”, da tsohuwar maganar asali da har yanzu ke hana ɗan wanzami ko ɗan mahauci auren wasu gidaje. A ƙauyuka da yawa kuwa yana nan da rawaninsa, ana ba da yarinya ba a tambaye ta ba. Masu yin haka sukan fake da haƙƙin tilastawa da malaman Malikiyya suka ba uba a kan 'yarsa budurwa, su manta cewa malaman sun so a yi shawara da ita, kuma don maslaharta aka ba shi haƙƙin, ba don biyan bashi ko neman fada ba.

Abin mamaki, ba sai mun je Lahore neman baiwar da ta faɗi gaskiyar zuciyarta a gaban mafi girman mutane ba. A Sahihul Bukhari akwai labarin Barira, baiwar da Nana A'isha ta saya ta 'yanta. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi a kan aurenta da Mugisu, ta zaɓi rabuwa. Ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa masa gemu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa ya nemi ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatar mijin. Ba a ɗaure ta ba, ba a kore ta daga gari ba, ba a ce ta yi rashin kunya ba. A littafin dai akwai Khansa'u 'yar Khizamu, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara aka warware auren. Anarkali “ina so” ta ce, Barira “ba na so”, amma abu ɗaya suka nema, a yarda cewa abin da suka faɗa game da zuciyarsu shi ne gaskiya. Ɗaya almara ce da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina mata ɗakin madubi, ɗaya kuwa muna karanta ta a zaure tun muna yara.

Mai son jin waƙar, kada ya tsaya ga guntun da ake yankowa a waya. Ya nemi fim ɗin, ya fara daga inda aka fito da ita daga kurkuku, ya kai har inda aka mayar da ita. Wanda kuma ke da 'ya a gida, manema sun fara sallama, ya sa uwarta ko gwaggonta ta tambaye ta a keɓe tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kuma in ta faɗa, a ji.